Ɓarawo a Ɗakin Eneida

Mutum na biyu ke nan da Eneida Villarreal ta kora daga ɗakin tun da rana ta take, kuma tsohon nan bai fasa cinye wasa ba.

Ɗakin a bayan zauren caca yake, a wani otal na bakin teku a birnin Panama. Ba taga, ƙofa ɗaya, da mai gadi a bakinta. Daga nan take haɗa hoton gasar poka, cacar karta da ake nunawa a talabijin. Teburin wasan yana karanta duk kartar da aka raba, ya aiko ta kan allonta, don haka duk ginin ba wanda ya san abin da ke hannun kowa sai 'yan ɗakin. Shi ya sa ake karɓe musu waya tun a ƙofa, 'yan kallo a gida kuma ba sa ganin wasa sai ya daɗe da wucewa. Ko masu ɗaukar hoto ba a bari su kusanci teburin. Kyamarorin a maƙale suke a sama, daga ɗaki ake juya su.

To ta ina Don Aristides yake samun labari?

Tsoho ne mai sayar da kayan gini daga garin Chitré, ko riƙe karta bai iya da kyau ba. Amma tun da aka fara gasar, in mutum ya yi masa burga da hannu wofi, sai ya ɗan yi shiru, ya ɗaga kai kamar mai addu'a, ya bi shi ya kwashe. In kuwa hannun na gaske ne, sai ya ajiye kartarsa ya kurɓi kofi. Ko sau ɗaya bai kuskure ba. Haba, ko boka ai yakan yi tuntuɓe!

Manajan otal, Señor Cedeño, bai yi wani kewaye-kewaye ba. "Doña Eneida, da ɓarawo a ɗakinki. Ko ki fito min da shi kafin a tashi, ko gobe hukuma ta rufe shirin, kuma sunanki ne zai fara fita."

Sunanta! Sunan da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana ginawa. Duk mai wannan sana'a daga nan har Bogotá ya san aikin Eneida, matar da ke kamo zufa a goshin mai burga tun kafin ta gangaro. Kyamara ta uku, mai matso da fuska, ba ta yarda kowa ya taɓa mata sandar da ake juya ta da ita, ko da wasa.

Mai kula da sauti ta fara kora, don ya cika tari. Sai mai rubutun allo, don ya cika fita bayi. Ya rage daga ita sai Olmedo, ƙaninta ciki ɗaya, mai kula da na'urar karanta karta. Ita ta koya masa aikin, ita ta tsaya masa aka ɗauke shi.

A teburi wani ɗan Kolombiya ya turo tulin kwabbansa na roba, alhali abin da ke hannunsa shara ce. Eneida ta matso da fuskarsa har ana ganin jijiyar wuyansa tana bugawa. Tsoho ya bi shi, ya kwashe.

Ta cire na'urar sauraron da ke kunnenta ta buga ta da tebur, ta juyo kan Olmedo.

"Da me ya saye ka?"

"Yaya, ni kike tambaya?"

"A'a, bango nake tambaya! Mu biyu muka rage a nan, kuma na san ba ni ba ce."

"Na rantse da kabarin Mama..."

"Rufe min baki! Kar ka kuskura ka sa Mama a ƙazantarka. Jiya wa na gani yana shan miyar sancocho tebur ɗaya da tsohon?"

"Kujera ce babu, Yaya. Gaisawa kawai muka yi."

"To ka je ka gaisa da 'yan sanda."

Bai roƙe ta ba. Ya miƙe, ya miƙa wa mai gadi katin wuyansa, ya ce, "Ke za ki faɗa wa matata Zuleika da yara. Ni ba zan iya ba."

A aikin nan, wanda aka fitar ta wannan ƙofa da sunan ɓarawo ya fita ke nan har abada, ko da daga baya an wanke shi. Eneida ta sani sarai. Ta danna sakata, ta zauna ita kaɗai gaban alluna. Cin amana daga bare ma da ciwo, balle daga wanda kuka sha nono ɗaya. Ba a jima ba Cedeño ya yi magana ta bayan ƙofa: motar 'yan sanda ta tafi da Olmedo.

Aka sake raba karta. Ɗan Kolombiyan, da ɗan abin da ya rage masa, ya turo duka. Wannan karon ma ba komai a hannunsa.

Ta kai hannu za ta kama sanda, hawaye suka rufe mata ido. Ta yi tsaki, ta sa hannu biyu tana gogewa, tana tsine wa tsohon, tana tsine wa Olmedo, tana tsine wa ranar da ta kawo shi otal ɗin. Kyamara ta uku ta tsaya inda aka bar ta, tana kallon wata kujera da ba kowa.

Da ta buɗe ido, wasa bai motsa ba. Mai raba karta ya ce, "Don Aristides, ku ake jira." Tsoho bai bi ba, bai ajiye ba. Ya goge goshi, ya gyara zama, kofinsa ya huce. Tun da aka fara gasar ba ta taɓa tsayawa ta dube shi a irin wannan lokaci ba, kullum idonta na kan fuskar wani. Yanzu da ta dube shi a babban hoto, ta bi inda idonsa ya nufa, sai ta gane.

Kyamara ta uku yake kallo, yana jira ta juya masa ita kan mai burga, kamar yadda ta saba duk lokacin da allo ya nuna mata hannu wofi.