Hancin Ɗan Auta

Da aka ce jakadan Sarkin Turkawa daga Santambul ya iso da alkyabbar sarautar Moldabiya, gimbiyar ƙasar ta aika a kira mata autanta da za a naɗa, ta ɓoye aska a hannun riga.

Mijinta ya taɓa sa wannan alkyabba, Turkawa suka shaƙe shi don ya karkata ga Sarkin Polan. Babban ɗanta ya gaje shi, mayaƙan Polan suka fille masa kai don ya bi Turkawa.

Autan ya shigo yana murza gashin baki. "Inna, ni kam sai na yi wasa da hankalin sarakunan nan biyu."

"Haka ubanka ya ce. Sunkuyo in sa maka albarka."

Yana sunkuyowa ta zabge masa gefen hanci. Kowa ya san al'adar ƙasar, mai yankakken hanci ba ya hawa gadon sarauta.

Ya dafe fuska, jini na bin yatsunsa. "Kin cuce ni! Na rantse har in tsufa ba zan yafe miki ba!"

Ta ce, "Ka dai tsufa ɗin, ɗana. A gidan nan ban taɓa ganin furfurar namiji ba."