Ruwan da Ya Shaƙe Tumatir

Wata mata ce mijinta ya rasu, ya bar mata lambu a bayan gida da ɗan ƙullin irin tumatir a tsumma. Irin nan ba na kasuwa ba ne, shi ya yi ta zaɓensa da hannunsa shekara da shekaru, bai taɓa ba shi komai ba sai kashin awaki da toka. Da ta fita takaba ta kwance ƙullin ta shuka shi duka, ba ta rage ko ƙwaya ba. Daga nan tsoro ya kama ta, kada abin da ya rayu a hannun mamaci ya zo ya mutu a nata. Safe guga, yamma guga. In kewarsa ta taso mata da rana tsaka, nan ma sai ta nufi rijiya. Ganye ya soma rawaya yana langaɓewa, ta ce ƙishi ne, ta ƙara. Baiwar Allah, ita da ta saba in yaro ya rame a ƙara masa tuwo, ina za ta san shuka ma tana shaƙewa?

Wata tsohuwa maƙwabciyarta ta leƙo ta kan darni, ta shigo ta tuge guda, ta kai mata saiwar hanci: baƙa, tana warin kwata. Ta ce, "Ke, makokinki kike zuba musu. Rataye gugan nan." Suka fasa bakin fangali ruwa ya tsiyaye, suka tsinke ruɓaɓɓen ganye, suka sassauta ƙasa da tsinke, suka barbaɗa toka da busasshen taki. Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne mai lambun ta zauna ta naɗe hannu tana kallon ƙasa tana tsagewa. Sau nawa ta kai hannu ga guga, sai ta tsoma yatsa a ƙasa, ta ji danshi, ta koma ta zauna. Fiye da rabi suka mutu, ba zan rufe miki ba. Amma 'yan gindi kaɗan suka yi sabon toho, suka yi fure, suka nuna. Ba ta sa na fari a miya ba. Ta matse 'ya'yansa a faifai ta shanya, ta ƙulle a tsumman nan na mai gidanta, rabi na shuka, rabi na ajiya.

To, ke ma da kika hana ɗanki sakat da sunan so, rataye gugan. Da ma Hausawa sun faɗa: garin neman ƙiba akan samo rama.