Lu'ulu'u Mai Tsaga

Ina zaune a shagon da jikata ke sayar da kayan ado, sai telan maƙwabtansu ya shigo yana sosa ƙeya. Wai dutsen zobe yake so, aure zai nema. Na ga fuskar yarinyar ta canza. Ni dai na gyara zama.

Ta jera masa lu'ulu'u uku da gilashin dubawa. Na miƙa wuya. "Ke, me ake leƙawa a ciki?"

"Tabo, Kaka. Wannan baƙin ɗigo ne a gefe, ƙarfen zobe zai rufe shi. Wannan hazo ne, yana kashe ƙyalli."

Na ukun mai tsaga ne har baki, irin wanda ta taɓa gaya mini bugu ɗaya ke raba shi. Shi ta tura masa. "Wannan ya dace da amaryarka."

Ya jujjuya shi, ya kasa kallonta. "To... miƙo yatsanki mu gani."

Can ta miƙo hannu a hankali, ta janye dutsen.

"Ba wannan ba," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ɗauki mai ɗigon."

Na ce, "Ja'ira! Da 'yar wani ce fa?"