Na'urar da Ba Ta Kashe Ba

Ana tafa wa injiniya don gwaji ya yi nasara, ita kuwa ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige. Gwajin shi ne ta kashe babbar na'urar kamfanin, a ga ko ƙaramar, mai kwafe bayanai, za ta riƙe aikin. Tsoro ya hana ta kashewa, amma ta ce ta kashe.

Ta bi manaja ofis. "Yallaɓai, ƙarya na yi. Ban taɓa babbar ba."

Manaja ya tura ƙofa, ya share gumi.

"Wace babbar? Tun da safe na zare filoginta na jona butar shayi, na manta. Ƙaramar ce ke riƙe da mu. Rufa min asiri, in rufa miki."