Abin Taɓawar Suruka

Ko takalmin aiki bai cire ba, sai ga surukarsa ta yi sallama. Matarsa ba ta dawo ba, gas kuma ya ƙare. Ya buɗe firij, ya tarar da ɗan kwanon yogot da kokwamba da zuma. Ya shafa a biskit, ya jera a faranti.

"Mama, ga abin taɓawa. Da hannuna na haɗa."

Tana ci tana sa masa albarka.

Matarsa na shigowa ta leƙa firij. "Wa ya ɗauke min haɗin gyaran fuskata?"

Ya kalli farantin Mama.

Mama ta lashe yatsa. "Tun lomar farko na gane, ai ni na koya mata. Ƙaro biskit, ɗana."