Ina Tarin?

"Dada, saurara ki ji aikin zamani," in ji Bilya, yana saka faifan sidi a rediyo.

Kwana uku ya yi a shagonsa na Dutsin-Ma yana gyara sautin tsohon kaset ɗin kakarsa, na wani makaɗin gurmi da take ji kullum. Ya cire ƙara, ya cire carar zakara, ya cire duk wata hayaniya. Yau ya kawo mata har Tamawa, yana jiran a sa masa albarka.

Kiɗa ya fito tar, kamar makaɗin na zaune a tsakar gida. Dada ta kasa kunne. Can sai ta ɗaure fuska.

"Ina tarin?"

"Wane tari?"

"Wanda ake yi kafin waƙa ta biyu."

Bilya ya yi dariya. "Ai shi ya fi ba ni wahala. Na goge shi tas."

"Ja'iri! Marigayi kakanka ne ya riƙe rikoda a wajen bikin, tarinsa ne. Ni mai gurmin nan ko muryarsa ba na so. Shekara talatin ke nan, duk in na sa kaset ɗin tarin kawai nake jira. Miƙo mini kaset ɗina."