Waƙar Kyaftin Tsawa

Har Abdulmumin ya sha kwanar unguwar Majidaɗi, Ruwaida ba ta daina nanata masa gargaɗi a waya ba. "Ka yi maganar komai a gaban Baba, ban da fim ɗin nan naka. Samari biyu sun ambace shi a falonmu, babu wanda ya sake ganin ƙofar gidan."

Fim ɗin kuwa Kyaftin Tsawa ne, abin dariyar Jalingo shekara ashirin da biyar. A garin Lau aka ɗauke shi da kyamara ɗaya. Jarumin ya rufe fuska da baƙar safa, alkyabbarsa koren labule ne har da zobbansa, in ya tashi sama ko makaho ya ga igiyar. A tsakiyar fim ya diro daga bishiyar mangwaro, daga nan har ƙarshe da ɗingishi ya ceci duniya.

Abdulmumin dai son fim ɗin yake kamar ransa. Abokan ofis sun yi masa tsiya har sun gaji, wai son maso wani ma ya fi wannan hankali. Amma yau ranar gaida suruki ce, ya rantse zai kama bakinsa.

Ya zauna a ƙasa, kai a sunkuye, yana satar kallon falon. Tsofaffin korayen labulaye ko'ina, taga ɗaya ce kawai aka rataya mata ruwan ƙasa. Alhaji Mahadi, tsohon babban sakatare, ya shigo yana dogara sanda, fuska babu wasa. Aka gaisa, komai lafiya lau.

Baki ya kamu, amma an manta da waya. Daga aljihu ta fashe da waƙa: "Tsawa ya zo, mugu ya gudu!"

Alhaji ya ɗago a hankali. "Yaro, mene ne ra'ayinka a kan wannan fim?"

Abdulmumin ya ga aure yana sulale masa. Kalma ɗaya za ta cece shi, ya ce shirme ne kamar yadda kowa ke cewa. Amma da ya buɗe baki, gaskiya ce ta fito.

"Baba, ina shekara takwas na karye a ƙafa, wata biyu tsoro ya hana ni takawa. Da na ga Kyaftin ya faɗo, ya miƙe da ɗingishinsa bai tsaya ba, washegari na tashi. Ku gafarce ni, ba zan iya zagin sa ba."

Abdulmumin ya fara laluben hularsa, zuciyarsa tana yi wa Ruwaida ban kwana.

Alhaji ya cire tabarau, ya goge ido, ya ƙwala wa matarsa kira. "Mero! Kin ji da kunnenki?"

Daga cikin gida muryar Hajiya Mero ta amsa: "Na ji, Kyaftin, a ba shi yarinyar. Amma labulena dai har yau ba ka dawo mini da shi ba."